Ƙara Matsin Inji Bayan Sauya Tof: A Auna Kafin a Yanka

Mutum zai tara kuɗi ya sayi sabon tof, wato kan inji, irin na gudu, mai manyan bawul da faffaɗan hanyoyin iska, wani lokaci har da kamshaf mai riƙe bawul a buɗe na tsawon lokaci. A ɗaura, a tayar, ƙara ta yi daɗi a gareji. Sai an hau titi a ga motar ta yi nauyin jiki: ba ta tashi da kuzari daga tsaye, sai allura ta yi sama kafin ta farka, ga shan mai ya ƙaru. Galibi laifin ba na tof ɗin ba ne. Aikin tof shi ne ya buɗe wa iska hanya. Matse wannan iska da fetur kafin wuta ta kama kuwa, ya dogara ne ga girman filin da ya rage a saman fistan idan ya kai ƙololuwa. Idan filin ya yi yawa, tof mai tsada ba zai nuna abin da aka saye shi dominsa ba. Idan kuma ya yi kaɗan fiye da abin da man da kake sha zai jure, injin zai ci kansa.

Ma'anar adadin matsi a sauƙaƙe take. Ka ɗauki dukkan filin da ke cikin silinda lokacin da fistan yake can ƙasa, ka raba shi da ɗan filin da ya rage lokacin da ya hau ƙololuwa. In amsar ta fito 9, sai a ce matsin 9:1 ne, wato an cusa awo tara cikin gurbin awo ɗaya.

Nawa ake samu idan an ƙara? Kada a yi wa kowa romon baka. Lissafin da ake yi wa injin irin wanda Bajamushe Nikolaus Otto ya ƙera a 1876 ya nuna cewa, a kan takarda, matsin 8:1 yana juya kusan kashi 56.5 cikin 100 na zafin mai zuwa aiki, 9:1 kashi 58.5, 10:1 kashi 60.2, 11:1 kuma kashi 61.7. Injin gaske ba ya kusantar waɗannan alƙaluma, amma tazarar da ke tsakaninsu gaskiya ce: kowane maki ɗaya yana ƙara ƙarfi da kashi 3 zuwa 4 cikin 100 a farko, yana raguwa yayin da ake hawa. Abin da ya sa wannan ƙari yake da daraja shi ne, ana jin sa tun daga ƙasa har sama, kuma ba ya ƙara shan mai, ragewa ma yake yi. Babban amfaninsa kuma, kamar yadda za mu gani, shi ne ya maido da abin da babban kamshaf ya sace.

Zan yi misali da injin Chevrolet 350 na Amurka, mai silinda 8 da lita 5.7, wanda ya fara fitowa a 1967. Na zaɓe shi ne don ana yawan sauya masa tof, kuma alƙalumansa sanannu ne. Tarihinsa ma darasi ne. Samfurin LT-1 na 1970 ya zo da matsin 11:1. A 1971 kamfanin General Motors ya sauke matsin injunansa don su iya shan mai marar dalma, LT-1 ya koma 9:1, ƙarfinsa a motar Corvette ya sauka daga doki 370 zuwa 330. Sauran 350 na shekarun da suka biyo baya suka tsaya wajen 8:1 zuwa 8.5:1, da tof mai kwarmi 76cc. Lissafin da za mu yi a kansa shi ne dai za ka yi a kan Golf ko Toyota ko babur.

Abubuwa biyar da za ka auna

Na farko, filin da fistan ke sharewa daga ƙasa zuwa sama. A 350, faɗin silinda milimita 101.6 ne, tafiyar fistan milimita 88.4. Faɗin bakin silinda ya zama murabba'in santimita 81.07, in ka ninka da 8.84 ka sami kusan 716.6cc a kowace silinda. Idan an taɓa faɗaɗa silindar aka sa fistan mafi girma, to auna faɗin da kanka, kada ka ɗauki na littafi.

Sauran huɗun su ne suke haɗuwa su ba da filin da ya rage a sama: kwarmin tof, kwarmin saman fistan ko tudunsa, zurfin da fistan ya tsaya ƙasa da fuskar bulok, da kaurin gasket bayan an ɗaure.

Kwarmin tof shi ne wanda mutane suka fi yarda da abin da aka rubuta a kwali. Gani ya kori ji. Tof ɗin da aka ce 64cc ne yana iya fitowa 62 ko 67, musamman in tsoho ne da aka taɓa yanka ko aka sauya wa mazaunin bawul. Awonsa ba wuya. Ka kifar da tof ɗin fuskarsa na kallon sama, ka sa bawul biyu a mazauninsu bayan ka shafa musu giris kaɗan don kada su yi yoyo, ka ɗaura fulogin da za ka yi amfani da shi. Ka nemi farantin roba mai kauri da ake ganin abu ta cikinsa, ka huda shi da ƙaramin rami kusa da gefe. Shafa giris siriri a kewayen kwarmin, ka danna farantin a kai, ka ɗan karkata tof ɗin yadda ramin zai zama shi ne wuri mafi tudu don iska ta samu mafita. Sai ka riƙa ɗura ruwa mai launi daga bututun awo irin na ɗakin gwaje-gwaje mai ɗaukar 100cc. In babu, babbar sirinji ta wadatar, muddin ka yi a hankali kana rubuta abin da ka zuba. Sifirit mai ɗan launi ya fi ruwan famfo, don ba ya barin kumfa kuma ba ya sa tsatsa. Idan kumfar ƙarshe ta fita ruwan ya taɓa ƙasan ramin, ka tsaya ka karanta. Kuma kowane kwarmi za ka auna, ba ɗaya kawai ba. Bambancin da ya wuce 1cc tsakaninsu abin gyarawa ne, domin silindar da ta fi matsi ita ce za ta fara ƙarar fashewar mai, ita ce kuma za ta tilasta maka ja da taimin baya ga dukkan sauran.

Zurfin fistan kuma, ka juya karanshaf har fistan ya kai ƙololuwa sosai. Agogon awo mai allura ya fi dacewa wajen gane wannan wuri. Ka ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kan bulok, ka zura fila geji a ƙarƙashinsa daidai saitin fin ɗin fistan, saboda a wannan layin ne fistan ba ya karkata. Auna silindojin kusurwa huɗu. Sau da yawa za ka tarar gaba da baya ba daidai suke ba, ko ɓangaren dama ya fi na hagu. A 350 yadda ya fito daga kamfani, fistan yakan tsaya wajen milimita 0.64 ƙasa da fuskar bulok, wato kusan 5.1cc.

Saman fistan ana auna shi da dabara irin ta tof. Sauke fistan daidai milimita 10 daga fuskar bulok, ka toshe kewayensa da giris, ka rufe da farantin ka ɗura ruwa. Da samansa shafaffe ne, 81cc zai ci. In ya ci 93, kwarminsa 12cc ke nan. In ya ci ƙasa da 81, tudu gare shi, sai a ɗebe wannan a lissafi.

Gasket kuwa, kaurinsa bayan ɗauri ake nema, ba wanda ka auna a hannu ba, kuma da faɗin raminsa ake lissafi, wanda kullum ya ɗara faɗin silinda. Wanda aka fi sa wa 350 yana da kaurin milimita 1.04, yana cin 9.1cc.

Yanzu mu haɗa. Tsohon tof 76, fistan mai kwarmi 12, zurfi 5.1, gasket 9.1: jimla 102.2cc. Ka tara da 716.6 ka raba da 102.2, amsa 8.0:1. Aka cire wannan tof aka sa na samfurin Vortec, wanda ya fito a 1996 da kwarmi 64cc, jimla ta koma 90.2, matsi ya hau 8.9:1 ba tare da an taɓa komai ba. A lura cewa abin yana iya juyewa. Wanda injinsa ke da tof 64cc ya sayo na gudu mai 72cc, ya yi asarar fiye da rabin maki yana zaton ya ƙaru.

Ratar da ke tsakanin fistan da tof

A nan nake so mai karatu ya dakata, don a ganina wannan ya fi adadin matsin kansa muhimmanci. Yawancin tof suna da wani shafaffen ɓangare a gefen kwarmi wanda yake fuskantar shafaffen ɓangaren fistan. Idan fistan ya taso da gudu ya kusa manne da wannan wuri, cakuɗen iska da mai da ke tsakani yakan feso da ƙarfi zuwa cikin kwarmi, kamar yadda zugazugin maƙeri ke hura gawayi. Wannan hargitsi yana sa wuta ta bazu da sauri, ta cinye man kafin na can lungu ya yi zafin da zai fashe da kansa. Ɗan abin da ya rage a cikin siririyar ratar kuma, ƙarfe na sama da na ƙasa sun sanyaya shi, ba zai fashe ba. Injiniyan Ingila Harry Ricardo ne ya yi fice wajen bincike a kan wannan tun bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma har yau a kansa ake gini.

Ratar ita ce zurfin fistan a tara da kaurin gasket. Masu haɗa inji suna neman ta tsaya tsakanin milimita 0.9 da 1.1 idan kwanrod na ƙarfe ne. Ƙasa da haka akwai haɗari, don a babban gudu kwanrod yana miƙewa, fistan yana karkata, zai iya sumbatar tof. Idan kuma ta wuce milimita 1.5, amfaninta ya kusa ƙarewa, ta zama maɓoyar man da zai fashe.

Duba misalinmu. Zurfi 0.64 da gasket 1.04 sun ba da 1.68. Matsi 8.9:1 ne, amma ratar ta lalace. Sai a cire wannan gasket a sa siririn na ƙarfe mai kaurin milimita 0.38, wanda ke cin 3.2cc kawai. Jimla ta koma 84.3cc, matsi ya hau 9.5:1, rata ta dawo milimita 1.02. Abin da zai ba wanda bai saba ba mamaki shi ne, wannan injin mai 9.5 sau da yawa ya fi mai 8.9 jure mai marar ƙarfi. Shi ya sa nake ƙin shawarar da ake yawan bayarwa cewa in inji yana ƙara a sa masa gasket mai kauri, ko ma a ninka biyu. An rage matsi a takarda, an buɗe ratar da ke kare injin.

Sharaɗin siririn gasket shi ne fuskar bulok da ta tof su kasance a miƙe sumul. Ba ya yafe lanƙwasa ko kaushi. Idan tof na alminiyom ne, duba abin da masu ƙera shi suka ce kafin ka sa masa gasket na ƙarfe tsura. Irin mai falle-falle na ƙarfe kuma yana bukatar fuska mai santsi fiye da wadda tsofaffin injunan yanka ke bayarwa. Hanyar da ta fi inganci, in injin a warware yake, ita ce a yanke fuskar bulok har fistan ya zo daidai da ita, sannan a sa gasket na milimita 1 da aka saba da shi. Rata ta fito daidai, ɗauri ya yi ƙarfi.

Fistan da yankan tof

In ana son wuce haka, sai a sauya fistan. Mai shafaffen sama da guraben bawul huɗu yana cin wajen 6cc. A kan bulok ɗin da aka yanka daidai, da gasket 9.1 da tof 64, jimla 79.1cc, matsi 10.1:1. Fistan mai tudu yana kai wa 11 ko 12, amma tudun yana tare hanyar wuta, yana ƙara nauyi, kuma wannan matsi ba na man gidan mai ba ne. Ga motar hawa ta kullum ban ga dalilinsa ba. Idan ma dole a rage matsi ta fistan, a nemi mai kwarmi a gefe ɗaya wanda ya bar shafaffen ɓangaren nan, ba mai kwarmi zagaye da ya cinye shi ba.

Yankan tof shi ne mafi araha, shi ya sa aka fi gudu wurinsa. A tof irin na 350, kusan milimita 0.15 ne ke cire 1cc, amma wannan ya danganta da siffar kwarmi, don haka a yanka kaɗan a sake aunawa. A tuna cewa yankan tof ba ya gyara rata ko kaɗan. Yana kuma jawo wasu ayyuka. Bawul ya matso kusa da fistan. A inji mai siffar V, tof biyun sun sauka sun matso juna, manifol ba zai zauna daidai ba idan yankan ya wuce rabin milimita da wani abu, sai ya riƙa shan iska ko mai ta ƙasa. Sandunan tura bawul sun yi tsawo, sai an nemi gajeru. Kuma ƙarfen da aka yanke ba ya dawowa.

Ga masu Golf da Toyota da Honda da sauran injunan da kamshaf ke saman tof, akwai ƙarin abu. Yankan tof ko bulok yana rage nisan da ke tsakanin karanshaf da kamshaf, bel ko sarƙa ta yi sako-sako a ɓangaren ja, sai kamshaf ya koma baya da 'yan digiri duk da cewa alamomin taimin suna nuna kamar daidai. Wannan yana jinkirta rufewar bawul, yana cinye wani abu daga matsin da aka yi yankan dominsa. Maganinsa giyar kamshaf mai saiti. Da yawa daga motocin da ke garejojinmu an taɓa yanka tof ɗinsu bayan sun tafasa, wasu sau biyu, ba wanda ya rubuta nawa aka cire. Wanda zai ƙara yanka irin wannan, ya fara auna kaurin tof ɗin ya gwada da mafi ƙarancin da kamfani ya yarda.

Abin da kamshaf ke sacewa

Duk lissafin da muka yi ya ɗauka cewa matsi yana farawa tun fistan yana can ƙasa. Ba haka abin yake ba. Bawul ɗin shigar iska ba ya rufewa sai fistan ya riga ya fara hawa, kuma kafin ya rufe babu abin da ake matsewa. A babban gudu wannan jinkiri alheri ne, don iskar da ta taho a guje tana ci gaba da kutsawa. A ƙaramin gudu kuwa fistan yana mayar da wani kaso baya.

A 350 mai kwanrod milimita 144.8, idan bawul ya rufe digiri 60 bayan fistan ya bar ƙasa, kashi 81 cikin 100 na tafiyar ne ya rage, wato 579cc. Injinmu mai 9.5:1 a zahiri 7.9:1 yake matsawa. A sa masa babban kamshaf mai rufewa a digiri 70, saura 530cc, matsin zahiri ya faɗo 7.3:1. Da a kan mai 8.9 aka sa wannan kamshaf, 6.9 za a samu, kuma wannan ita ce motar nan mai nauyin jiki. Kafin babban kamshaf ya yi daidai, sai an kai matsin takarda wajen 10:1, inda na zahiri zai dawo 7.7. Masu haɗa inji a Amurka sukan nemi wannan adadi ya faɗa tsakanin 7.5 da 8.5 ga man gidan mai, ƙarshen saman kuma na mai mafi tsada ne. Don haka tof da kamshaf da matsi tare ake zaɓensu, a zama ɗaya, kafin a biya kuɗin ko ɗaya. Ƙaramin kamshaf a kan babban matsi zai sa inji ƙara. Babban kamshaf a kan ƙaramin matsi zai kashe masa ƙarfin tashi.

Man da za ka sha

Wanda ke bin shawarar mutanen Amurka ya kula da lambar oktan. Wadda suke rubutawa a famfo matsakaicin awo biyu ce, ta bambanta da wadda ake amfani da ita a Turai da Afirka. Man su mai lamba 87 shi ne kusan 91 a namu awon, mai lamba 93 kuma wajen 98 ne. Ƙa'idar fetur a Nijeriya mafi ƙarancin 91 ce. Ke nan man da muke sha daidai yake da mafi arha a can, kuma duk inda ka ga an ce matsin 10.5:1 yana tafiya lafiya da mai 93, ba da mu ake ba. Balle man galan na bakin hanya, wanda in an sirka shi da kananzir oktan ɗinsa ya ƙara faɗuwa.

Ga kuma zafi. Iska mai zafi ta fi saurin fashewa, kuma a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri awon zafi yana wuce digiri 40 a watan Afrilu. Tudu kuma yana sauƙaƙawa: a Jos, mai tsayin wajen mita 1,200, nauyin iska ya ragu da fiye da kashi 10 cikin 100, saboda haka injin da aka saita a can ya yi shiru zai iya fara ƙara in ya gangaro. A yi saiti don wuri mafi zafi da mafi gangare da motar za ta je.

Abin da zai kwantar da hankali shi ne, injin Vortec na 1996 da kansa ya fito da 9.4:1 yana shan mai 87 na Amurka. Amma yana da kwamfuta da na'urar jin ƙara da ke ja da taimin baya da zarar abu ya fara. Mai kafireto da distirbuta ba shi da wannan mai gadi, kunnensa ne kaɗai. Tof na alminiyom yana zubar da zafi da sauri fiye da na ƙarfen zubi, shi ya sa aka saba ƙara masa rabin maki zuwa maki ɗaya. Sababbin motoci masu 13:1 ko 14:1 irin na Mazda kuwa, kada su ruɗe ka: suna fesa mai kai tsaye cikin silinda, suna sauya lokacin bawul suna tafe, tsohon inji ba shi da ko ɗaya.

Kafin a ɗaure na ƙarshe

Kada a tsallake gwajin yumɓu. Ka ɗora yumɓun roba na wasan yara a guraben bawul da ke saman fistan, ka shafa wa bawul mai don kada ya manne, ka ɗora tof da gasket mai kaurin wanda za ka sa, ka haɗa taimin daidai. Idan tafet ɗinka mai aiki da mai ne, sa sandararre a madadinsa don gwajin, in ba haka ba zai lotsa ya ba ka amsar ƙarya. Juya inji da hannu zagaye biyu cikakku. In ka ji ya cije, tsaya, kada ka tilasta. Cire tof, ka yanka yumɓun da reza, ka auna wuri mafi siriri. Ana son aƙalla milimita 2 a bawul ɗin shiga, 2.5 a na hayaƙi, don shi ya fi zafi ya fi miƙewa, kuma shi fistan ke bi a baya. Duba gefen gurbin ma, saboda manyan bawul na sabon tof sukan fi ƙarfin gurbin tsohon fistan ta faɗi.

Wajen ɗauri, a wanke ramukan noti, a bi tsarin da kamfani ya bayar daga tsakiya zuwa waje, da sifana mai awon ƙarfi, ba da bututu a kan sifana ba. A 350 kowane tof noti 17 gare shi, ana kai su fam-ƙafa 65 a mataki uku, kuma da yake suna ratsawa cikin hanyar ruwa sai an shafa wa zarensu abin toshe yoyo. Notin da ake ɗaurewa da digiri, irin na yawancin sababbin motoci, ya riga ya miƙe, a sayi sabo.

Bayan an tayar

Ƙarin matsi da kwarmi mai kyau suna sa wuta ta ci da sauri, don haka injin yana bukatar taimin ƙasa da na da. Tsohon tof 76cc yakan so digiri 36 ko fiye, na Vortec yakan ƙoshi da wajen 32. Fara daga baya, ka riƙa ƙara digiri biyu-biyu. Wurin gwaji shi ne hawan tudu da rana tsaka, inji da zafinsa, a babbar giya da ƙaramin gudu, ka taka mai. Idan ka ji ƙara siririya ƙyal-ƙyal daga inji, ɗaga ƙafa nan take ka koma baya. Wannan ƙarar ita ce man lungu yana fashewa, tana karya bakin fistan inda ringi ke zama, tana daka mital, tana ƙona gasket. Salansa mai ƙara tana iya ɓoye ta, saboda haka a riƙa cire fulogi ana dubawa. Ɗige-ɗige baƙaƙe ko masu ƙyalli a kan farin tangaran ɗinsa shaida ce cewa abin yana faruwa ko kunne bai ji ba. Fulogi mai sanyi da mataki ɗaya yakan taimaka, haka ma ɗan ƙarin mai a cikakken taki.

A gwada matsin kowace silinda da geji. Kada bambancinsu ya wuce kashi 10 cikin 100. In allura tana kusantar 200 a awon fam, ka san kana bakin iyaka da irin man da muke da shi. Lagireto kuma ya zama wankakke, da ruwan sanyaya inji na gaske, fanka da murfinta, tamostat a wurinsa. Al'adar cire tamostat da zuba ruwan rijiya tana barin tsatsa da ɓawo a cikin tof, a nan ne wurare masu zafi ke samuwa, su kuma suke haddasa ƙarar.

Ga motar da za ta sha man gidan mai na ƙasar nan, ni a ganina tof na ƙarfen zubi ya tsaya tsakanin 9:1 da 9.5:1, na alminiyom kada ya wuce 10:1, rata ta zama milimita 1, kamshaf kuma matsakaici. Maigidan gareji, kafin ka tura yaro da tof wajen masu yanka, ka ba shi takarda mai ɗauke da adadin da za a cire, kuma in ya dawo ka sake ɗura ruwa ka auna.